Jirgin Yaƙi Ma da Cikinsa Yake Tafiya

Mu da muka san jiragen yaƙi a finafinai da labaran talabijin kawai, bakin igwa idonmu ke fara kamawa, sai tuta, sai hafsoshi cikin fararen kaya. Ba a nuna mana inda ake ciyar da jirgin. Alhali in akwai mutanen da ya kamata su fara tambayar wannan, mu ne, da muka san kwana a layin mai, muka san yadda mota mai tsada ke zama kujera kawai in tanki ya bushe.

Kafin zuwan injin tururi, jirgin ruwa iska yake jira. Iska kuwa kyauta ce, ba a sauke ta a tashar kowa. Jirgi zai yi watanni a teku muddin akwai ruwan sha da abinci. Da tururi ya zo, jirgi ya daina jiran iska, amma ya koma bawan kwal, wato baƙin dutsen nan mai ci da wuta da ake haƙowa daga ƙasa. Injinan farko kuma ba su da ƙoshi ko kaɗan.

A watan Maris na 1830, wani ƙaramin jirgin rundunar ruwan kamfanin Ingila mai mulkin Indiya, sunansa Hugh Lindsay, ya tashi daga Bombai zai je Suwez ta Bahar Maliya. Rumbunsa na kwal bai wuce na kwana biyar zuwa shida ba, kuma zango na farko ya fi haka nisa. Sai aka cusa kwal duk inda ya samu wuri, har jirgin ya nutsa ƙwarai saboda nauyi. Ya isa Suwez bayan kusan kwana 33, amma wajen kwana 12 daga ciki a tsaye ya yi su, ana loda masa kwal a tashoshi irin su Adan da Jidda.

Kwal ɗin da yake sha a hanya ba a can ake haƙo shi ba. Daga Ingila ake ɗauko shi a cikin jiragen iska, su kewayo ƙarshen Afirka ta kudu, su jibge shi a zango ya jira. Jirgin zamani bai iya motsi sai tsohon jirgi ya riga shi zuwa da abincinsa. Na Suwez ya fi ba mu dariya. A lokacin ba a haƙa mashigin ba, sai a 1869 aka buɗe shi, don haka a Iskandariyya ake sauke kwal, a bi da shi Kogin Nilu zuwa Alƙahira, daga nan a ɗora wa raƙuma su ratsa hamada da shi. Duk wanda ya san ayarin gishiri na Agadas zuwa Bilma ya san dabarar: raƙuma kan tashi da damman ciyawarsu, ana ajiye wasu a hanya saboda dawowa. Sai dai ciyawar raƙumi ba ta sa an ƙwace garin kowa ba.

Ta kwal ta sa. Turawan Ingila sun fara gwada tsibirin Sukutra a tsakiyar shekarun 1830, zazzaɓi ya kore su. A watan Janairu na 1839 suka kawo jiragen yaƙi ƙarƙashin Kyaftin Haines suka karɓe Adan daga hannun Sarkin Lahaj. Garin ba shi da gona, ruwan sha ma wahala yake. Abin da yake da shi tasha ce mai kyau, a kusan tsakiyar hanyar Bombai da Suwez. A 1857 suka ƙara da tsibirin Ferim da ke bakin Bahar Maliya. In muka ɗauki taswirar daular Ingila muka bi ƙananan ɗigon da ke gefen teku, irin su Jibralta da Malta da Firitawun da Singafo, kowanne na da nasa tarihin, amma duk sun zama rumbunan kwal, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce tazarar da cikin jirgi zai iya jurewa.

Ba kowane kwal sojojin ruwa ke so ba. Sun fi son na kudancin Wales, wanda ake fitarwa ta tashar Kadif, domin yana da zafi kuma hayaƙinsa kaɗan ne. A teku hayaƙi tonon asiri ne, tun jirgi bai bayyana ba abokin gaba ya hango baƙin gajimarensa.

Ranar loda kwal ita ce ranar da matuƙa suka fi ƙi. Da shebur ake cika buhuna da kwanduna, a ɗaga su zuwa jirgi, a juye ta ramuka zuwa rumbu, a sake barbaza shi a ciki cikin duhu. A jiragen yaƙin Ingila kusan kowa na sa hannu, wani lokaci makaɗan soja na busa don ƙarfafa gwiwa. Ƙura na shiga ido da hanci da abinci, sannan a kwana ana wanke jirgi. A tashoshin ƙasashe masu zafi kuwa, 'yan dako na gari ke ɗaukar mafi yawan nauyin. A Adan Larabawan Yaman ne da Somaliyawa, suna hawa katako da kwando a kai ko a kafaɗa. Littattafan tarihi sun riƙe sunayen jirage da na kwamandoji, nasu kuwa sai dai jimilla.

Wanda ba shi da irin waɗannan zanguna fa? Rasha ta ɗanɗana. A watan Oktoba na 1904, tana yaƙi da Japan, ta tura rundunar jiragenta daga Tekun Baltik zuwa gabas mai nisa ƙarƙashin Admiral Rozhestvensky, tafiyar kusan mil 18,000 na teku. Ba ta da tashar kwal ko ɗaya a hanya, Ingila mai yawancinsu kuma ƙawar Japan ce. Sai ta yi hayar jiragen dakon kwal na kamfanin Jamus, Hamburg-Amerika, su riƙa tarar rundunar. Babban ɓangaren ya biyo gabar Afirka ta yamma, ya sha kwal a Dakar da gabar Gabon, wani lokaci a buɗaɗɗen teku igiyar ruwa na wujijjiga su. Saboda ba a san inda za a sake samu ba, aka tara kwal a saman jirage da hanyoyin wucewa da ɗakunan kwana. Mutane suka yi watanni suna shaƙar ƙura cikin zafi. A ƙarshen watan Mayu na 1905 suka haɗu da Japanawa a mashigin Tsushima, waɗanda ke kusa da gida, a huce, jiragensu a gyare. Cikin kwana biyu aka gama da rundunar. Akwai dalilai da yawa na wannan kashi, amma mu dai ba mu iya raba shi da watanni bakwai na shebur.

Bayan 'yan shekaru rundunar ruwan Ingila ta fara komawa mai, wanda famfo ke turawa ta bututu, ba ya neman kafaɗar kowa. A 1914 gwamnatinta ta sayi mafi yawan hannun jarin kamfanin man da ke haƙa a Iran. Adan ba ta huta ba: tankunan mai suka maye gurbin tudun kwal, aka gina matatar mai a 1954, Turawan ba su fita ba sai a 1967.

Kafin nan, wasu daga cikin 'yan Yaman da Somaliyawan Adan sun samu aiki a cikin jiragen kasuwanci, suna zuba kwal a bakin wuta a can ƙasan jirgi, inda zafi ya fi tsanani. Jiragen suka kai su har Kadif, garin da kwal ɗin ya fito. Da yawa suka zauna, suka yi aure, suka gina masallatai, kuma jikokinsu na nan cikin tsofaffin al'ummomin Musulmi na Birtaniya.