Littafin Lissafi Mai Amsa Tambaya

Mu 'yan Janbako da muka samu shiga jami'a, mun tarar da wani irin littafin lissafi da ba mu saba gani ba. A waya ko kwamfuta ake buɗe shi, kuma idan ka yi masa tambaya yana amsawa. Sirrin shi ne, a bayan shafin akwai manhajar da ta iya aljabara, kamar GeoGebra wadda Markus Hohenwarter ya fara a 2001. Shafin ne ke miƙa mata tambayarka, ita kuma ta maido da amsa nan take.

Ga misali. Wata gonar shinkafa a Bakalori, tsawonta ya fi faɗinta da mita 10, girmanta murabba'in mita 600. Da ka rubuta x(x + 10) = 600, sai ta ba ka 20 da −30. Ka mayar da 600 ya koma 1200, ta ce 30 da −40. Kafin shayi ya huce ka gwada misalai goma.

Sai dai ku lura, ƙannenmu, manhajar ba ta san gona ba. Ku ne za ku watsar da −30, domin babu faɗin da ya gaza sifiri. Ranar WAEC ko NECO kuwa ba a shiga da waya, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Shi ya sa muke fara warwarewa da biro, sannan mu tambaye ta. Idan amsoshin suka saɓa, sai mu bi aikin layi-layi har mu gano inda aka kauce. A nan karatun yake zama.