Yadda na ɓata wa wani yaro tuƙin dare

Duk mai wasan kwaikwayon tuƙin jiragen yaƙi a kwamfuta, irin su DCS World da Falcon BMS, ya san abin da ke faruwa idan aka sauke tabarau na ganin dare a kan ido. Gefen allo ya yi baƙi ƙirin, a bar maka wata koriyar da'ira a tsakiya mai cike da ɗigo-ɗigon ƙyalli, duk abin da ke wajenta kuwa ya ɓace. Wannan da'ira ta daɗe tana ba ni haushi. Na ɗauka ado ne kawai da masu manhaja suka saka don abin ya ƙayatar, kuma a kan wannan zato na tafka kuskuren da bai tsaya a kaina ni kaɗai ba.

Na samo wani gyara da wani ɗan wasa ya yi, wanda ke cire baƙin kewayen gaba ɗaya, na kuma ƙara wa allona haske har dare ya koma rana mai launin kore. Tuƙi ya yi daɗi. Ina ganin dutse tun daga nesa, ina ganin hagu da dama ba tare da na juya kai ba. Da abin ya tsaya nan, da da sauƙi. Amma muna da ƙungiya, 'yan tsiraru da ke haɗuwa ta intanet bayan sallar isha'i, kowa daga garinsa, kuma ina cikin waɗanda suka daɗe a harkar, don haka sababbi wurina suke zuwa. A cikinsu akwai wani yaro da bai jima da gama sakandare ba, wanda burinsa shi ne shiga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya. Yaya yake ce mini, kuma duk abin da na faɗa masa yana riƙewa. Ni na tura masa gyaran, ni na gaya masa yadda zai saita allonsa. Na ce masa, "Ƙanena, daina wahalar da kanka, buɗe idonka ka ga hanya."

Akwai kuma wani dattijo a cikinmu da ya shekara da yawa yana tuƙa helikwafta kafin ya yi ritaya. Baba muke ce masa. Da ya ga hoton allona sai ya ce, "Ɗana, mayar da da'irar nan, haka abin yake a gaske." Na amsa masa a gaban yara cewa idon mutum ba ya gani haka, kuma wasa ne muke yi, ba yaƙi ba. Bai ja da ni ba. Har yau ina jin nauyin wannan amsa, domin mutum ne da ya ɗauki na'urar a kansa, ni kuwa a allo kawai na taɓa ganin ta.

Asirina ya tonu ne ranar da muka shiga wani tashi na haɗin gwiwa wanda mai shirya shi ya hana kowane irin gyara, ya kuma zaɓi daren da babu wata. Ni ne jagora, yaron yana bina a baya, muna tafiya ƙasa-ƙasa cikin wani kwari a helikwafta biyu. Da muka karya kwana, fitilun wani gari suka faɗo cikin da'irata. Kowace fitila ta kumbura ta yi babban kewayen haske, sauran hoton kuma ya dushe. Na kafa wa fitilun ido ina neman hanya. Gangaren tudun da ke damana bai taɓa shiga cikin da'irar ba har na daki shi. Yaron, wanda idonsa ke kan jirgina kaɗai, ya biyo ni ya daki wuri ɗaya.

Babu wanda ya ji ciwo, kwamfuta ce. Amma Baba ya nemi mu sake kallon tashin tare, ya sa muka kalle shi ta idon yaron. Abin da ya nuna mini shi ne tun daga tashi har faɗuwa kan yaron bai juya ba ko sau ɗaya, kuma bai taɓa duba ma'aunin da ke nuna nisan jirgi da ƙasa ba. Nawa ma haka.

A nan ne ya zauna ya bayyana mana na'urar. Tabarau ɗin ba ya ƙirƙirar haske, tattara ɗan abin da ke akwai yake yi, na wata ko na taurari, ya ninka shi dubbai. Hasken yana faɗawa kan wani siririn faifai ya saki ƙwayoyin lantarki, su ratsa wani faranti mai miliyoyin ƙananan ramuka inda suke ninkuwa, sannan su daki wani allo na fosfo ya yi ƙyalli. Daga nan koren yake zuwa, ko da yake sababbin na'urori da yawa yanzu fari da baƙi suke nunawa. Tunda da hasken waje ya dogara, daren cikar wata da daren taurari kaɗai ba ɗaya ba ne ko kusa, bambancin haskensu ya kai ninki ɗari, kuma idan haske ya yi ƙaranci hoton yakan cika da waɗannan ɗigo-ɗigo da nake ganin ado ne. Idan kuma fitila mai ƙarfi ta shigo, na'urar da kanta take rage ƙarfinta, sai duk abin da ke cikin duhu ya ƙara nutsewa. Abin da ya ɓoye mini tudun ke nan, ko da a ce na juya a makare.

Sai kuma faɗin gani. Idanu biyu na mutum suna ɗaukar kusan digiri 200 daga hagu zuwa dama. Tabarau na matuƙa, irin AN/AVS-6 da AN/AVS-9, digiri 40 kacal suke bayarwa, kamar mai leƙen duniya ta bututun ruwa. Saboda haka matuƙin dare ba ya barin kansa wuri ɗaya: ya juya hagu ya ɗan tsaya, ya dawo tsakiya, ya juya dama, haka har ya sauka. Kuma da yake an saita gilasan don hangen nesa, agogunan cikin jirgi ba sa karantuwa ta cikinsu, sai matuƙi ya leƙa ta ƙarƙashinsu da idonsa. Har fitilun ɗakin matuƙi sai an canza su zuwa irin launin da na'urar ba ta ɗauka, in ba haka ba su makantar da ita. Ga ruɗin nisa, ga wayoyin lantarki da da wuya a gan su, ga ganyen bishiya da ke fitowa da haske fiye da yadda ido ya saba, domin yana mayar da hasken infrared wanda na'urar ke gani, mu ba ma gani.

Wannan giɓi da ake leƙawa ta cikinsa a ƙarƙashin tabarau ba haka kawai ya samu ba. A watan Afrilun 1980 Amurka ta tura helikwafta 8 daga jirgin ruwan yaƙi Nimitz zuwa hamadar Iran cikin dare, don ceto mutanenta da ake tsare da su a Tehran. Matuƙan suna sanye da AN/PVS-5, tabarau da aka ƙera don sojan ƙasa, mai rufe kewayen ido duka. Suka shiga guguwar ƙura, wasu jiragen suka sami matsala, aka soke aikin, kuma wajen janyewa helikwafta ɗaya ta yi karo da jirgin dakon kaya, sojoji 8 suka mutu. Dalilan faɗuwar aikin suna da yawa, ba tabarau kaɗai ba ne, amma bayansa ne sojan Amurka suka kafa runduna ta 160 a 1981 wadda ta ƙware a tashin dare, kuma a shekarun ne aka fito da tabarau mai maƙalewa a hular kwano, wanda ake iya ɗagawa sama, ya kuma bar wa ido sarari ta ƙasa da gefe.

Ni na ɗauka manhaja tana kusantar gaskiya ne gwargwadon yadda take nuna abu sarai. A tashin dare kuwa ingancinta yana wajen abin da ta hana ka gani, domin hanin ne ke tilasta wa wuya juyawa, ya tilasta wa ido komawa kan ma'auni. Da na cire da'irar, na cire wa yaron dalilin koyon waɗannan abubuwa biyu, ya kuma yi ta maimaita tuƙi da kafaffen kai har jikinsa ya saba. Wanda ke wasa don nishaɗi shi kaɗai yana da damar saita allonsa yadda ya so, ban ga laifinsa ba. Ni laifina shi ne na koyar, kuma na koyar da wanda ke fatan wata rana ya zauna a jirgi na gaske.

Na ba Baba haƙuri a gaban waɗanda na yi masa gardama a gabansu. Ya ce, "Ba komai, ɗana, amma kai za ka gyara shi, tunda kai ka ɓata." Na goge gyaran, na mayar da hasken allo yadda yake, na sa yaron ma ya yi haka. Yanzu kafin kowane tashi muna duba ko akwai wata, da tsayinsa a sama, da inda fitilun gari suke a hanyarmu. Baba yakan sa a ƙara mana hazo, yana cewa duk wanda zai yi tuƙi a ƙasarmu lokacin hunturu gara ya san yadda ƙura ke cinye hoton tun kafin matuƙi ya ankara. Yakan kuma tuna mana cewa kwamfuta ba za ta ba mu nauyin na'urar a goshi da ciwon wuyan da ke biyo baya ba.

Yaron ya koyi juya kai, amma duba ma'auni bai zauna masa ba tukuna, musamman idan ya matsu wajen sauka. Shi ya sa yanzu ni nake binsa a baya, shi yake jagora, kuma duk lokacin da muka kusa ƙasa sai na tambaye shi ta rediyo ƙafa nawa ma'auninsa ya nuna. Idan ya yi jinkirin amsawa, sai mu ɗaga mu sake zagayowa.