Laifin Kwamfuta Ne Ko Na Iyaka?

'Yan uwana ɗalibai, musamman yayyenmu 'yan aji shida masu shirin JAMB, maganata a kan baƙar kwamfutar nan ce ta ofishin kulob, wadda kuka laƙaba wa suna Mai Fushi. Duk wanda ya zauna gabanta a zangon da ya wuce ya san halinta. Kana tsakiyar aiki sai intanet ya yanke. Ka jira ya dawo, ka ɗan taɓa kaɗan, ya sake yankewa.

Ga waɗanda ba su sani ba, intanet ɗin namu daga wata tsohuwar wayar Malamin kwamfuta yake fitowa. Ya sa mata layi, yana kunna hotsifot, ita kuma tana ba kwamfutar waifai. Kuɗin data karo-karo ake yi, kowa da abin da ya samu.

Abin ya dame ni ne saboda yayana. Tun shekarar 2015 JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir, kowa a kwamfuta yake rubutawa. Yayana kuwa sai bana ya fara riƙe linzamin kwamfuta. Minti 30 ake ba kowa ya gwada amsa tambayoyi a intanet, amma rabin lokacinsa a jira yake ƙarewa. Wata rana ya dawo gida ya ce wa Inna gara ya koma gonar shinkafa, can dai ba a yanke wa mutum aiki. Da wasa ya faɗa, amma ni ban ji daɗi ba.

Kowa da abin da ya ce. Wasu sun ce ƙwayar cuta ce ta shige ta, wasu sun ce tsufa ne. Har an fara maganar a kai ta wurin mai gyara a Birnin Kebbi ya goge komai ya sake zuba mata sabo. Ga kuɗin mota, ga kuɗin gyara, kuma duk rubuce-rubucen kulob a cikinta suke.

Sai Malam ya ce a dakata. Ya ba ni littafi ni da ƙawata, ya ce, "Ke ki riƙa rubuta lokaci, ke kuma ki riƙa duba waya. Duk sanda ta yanke ku rubuta: tana jone da wuta ko a batir take? A ina wayar take? Sannan ku ɗauki wata wayar da ke kan hotsifot ɗin ku ga ko ita ma ta yanke."

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi kowace amfani, shi ya sa nake so ku fahimce ta. Ku ɗauka igiyar guga ce mai ƙulli biyu. Ƙulli na farko tsakanin kwamfuta da wayar Malam yake, shi ne waifai. Na biyu tsakanin wayar Malam da ƙarfen sabis. Ko wanne ya kwance, guga ya faɗa rijiya, kuma mai zaune gaban kwamfuta abu ɗaya zai gani, wato babu intanet. To idan kwamfutar ta yanke amma ɗaya wayar tana aiki, matsalar a ƙulli na farko take. Idan duka suka yanke tare, kwamfutar ba ta da laifi ko kaɗan.

Mako biyu muka yi muna rubutu, muka ƙirga yankewa 23. Da Malam ya duba littafin sai ya ga ba iri ɗaya ba ne.

Wasu sun faru ne lokacin da aka cire ta daga caji. Ashe a cikin Windows akwai wani ɗan akwati da aka yi wa alama, wanda ya ba kwamfutar izinin kashe na'urar waifai don ta tattala batir. Malam ya cire alamar. Wasu kuma sun faru ne ranakun da aka bar wayar tana caji a ɗakin malamai, bangon bulo biyu tsakaninta da mu. Aka dawo da ita kan taga kusa da kwamfutar. Ya kuma nuna mana cewa hotsifot yana da zaɓi biyu, 2.4 da 5. Na 5 ya fi sauri, amma na 2.4 ya fi nisa, ya kuma fi ratsa bango, sai muka bar shi a nan.

Saura 11. A duk waɗannan, kwamfuta da ɗaya wayar tare suka yanke. Ƙawata ce ta lura. Ta ce, "Malam, sunan da ke saman wayar nan ya canza." Muka leƙa. Sunan layinmu na Najeriya ya ɓace, wani ya hau, ga kuma ƙaramin harafin R kusa da sandunan sabis. A akwatin saƙo har an yi wa wayar maraba da zuwa Jamhuriyar Benin, alhali ko motsi ba ta yi daga kan taga ba!

Malam ya yi bayani. Ita waya idan an bar ta ta zaɓi sabis da kanta, duk sanda na gida ya yi rauni har ya ɓace, sai ta kama wanda ta samu. Mu kuma a Illo bakin iyaka muke, daga Lolo ka ɗan gota ka shiga Benin. Datar da muka saya ta Najeriya ce, ba ta aiki a kan ƙarfen wata ƙasa. Saboda haka da zarar wayar ta tsallaka, intanet ya tsaya har sai ta dawo. Allah ya taimake mu Malam ya kashe maɓallin amfani da data a ƙasar waje. Da a kunne yake, da katin da ke layin ya tafi, domin kuɗin can ya ninka na gida nesa ba kusa ba.

Da na ba Malamin soshiyal labari sai ya yi dariya ya ce wannan iyakar ta girmi kakanninmu. A shekarar 1898 Ingila da Faransa suka zauna a birnin Faris suka raba yankin nan. Sun rubuta cewa layin zai taɓa Kogin Kwara mil 10 sama da Giris, mashigar jiragen ruwan Illo. Shi ya sa 'yan uwanmu na Malanbil suke kashe sefa suna karatu da Faransanci, mu muna kashe naira muna karatu da Turanci. Sabis dai bai san da wannan takarda ba, tsallakowarsa yake yi ba tare da ya tsaya a shingen kwastan ba.

Gyaran ko minti biyu bai ɗauka ba. Malam ya shiga saitin wayar, wurin zaɓen kamfanin sabis, ya kashe zaɓi da kai. Wayar ta ɗan yi bincike ta jero sunaye, na Najeriya da na Benin, ya danna namu. Tun daga ranar ba ta sake tsallakawa ba.

Na duba littafin kwamfutarmu na aji biyu daga farko har ƙarshe, babu wannan a ciki. A ganina waɗanda suka rubuta shi nesa da iyaka suke zaune, kuma ya kamata a ƙara shi, ko don yaran Kamba da Illela da Jibiya.

Ba wai komai ya gyaru ba ne. Idan sabis ɗinmu ya yi rauni yanzu, shafi yana jan ƙafa, wani lokaci ma dole a jira ya dawo. Amma yayana yana cinye minti 30 ɗinsa, har ya fara gama tambayoyin Turanci kafin lokaci ya cika. Wanda zai yi wa wayarsa wannan saiti ya tuna, ranar da ya tsallaka Benin da gaske sai ya mayar da ita yadda take, in ba haka ba zai rasa sabis. Duk wanda katin babansa ko na yayarsa ke ƙarewa ba a san dalili ba, ya same mu a ofishin kulob ranar Laraba bayan an tashi, za mu nuna masa wurin da ake dannawa.