Zaɓen Hanyar Hawan Dutse a Ƙasar Wales

Mu biyar ne, dukanmu malaman makaranta da aka aiko ƙaro ilmi a Ingila. Cikin watan Oktoba muka sami hutun kwana uku, sai muka yi shawara mu tafi ƙasar Wales mu hau dutsen nan da Turawan Ingila ke kira Snowdon, masu ƙasar kuwa suna ce da shi Yr Wyddfa. Tsayinsa ƙafa 3,560 ne, babu dutsen da ya kai shi a Wales ko a Ingila. Muna ba da labarin nan ne domin 'yan'uwanmu ɗalibai, ko wani ya ƙaru da kuskuren da muka kusa yi.

Daren da muka sauka garin Llanberis, a gindin dutsen, muka baje taswira muna duba manyan hanyoyi shida da ke kaiwa bisa. Wadda ta tashi daga Llanberis ita ce mafi sauƙin hawa, amma mil 9 ce zuwa da komowa, tana bin gefen hanyar jirgin ƙasa da aka buɗe a 1896. Biyu kuwa suna tashi daga wata mashiga da ake kira Pen-y-Pass. Ɗaya sunanta Pyg, kamar mil 7, mai duwatsu da matakai. Ɗayar ta masu haƙar jan ƙarfe ce na dā, tana bin bakin tafkuna uku. Ban da waɗannan akwai Crib Goch, watau Jan Tozo, wanda ba a binsa sai da hannu da ƙafa. Doronsa kamar kaifin wuƙa yake, kwazazzabo dama da hagu, wanda ya kai tsakiyarsa kuwa ba shi da wurin sauka ta gefe. Mutane sun sha halaka a kansa.

Autanmu, Bazazzagi, wanda ya tashi yana hawan Kufena, ya ce shi dai Jan Tozo ko a fasa. Ya ce a wannan yanki ne mutanen da suka fara hawa Everest a 1953 suka yi ta gwaji kafin su tafi, abin kunya ne mu zo mu bi hanyar tsofaffi. Maganar ta shige mu, muka amsa. Mutum ɗaya ne bai ce uffan ba, wani abokinmu da ya girma a ƙasar Haɗeja, inda ƙasa take shimfiɗe kamar faifai. Mu kuwa muka ɗauki shirunsa yarda ne. Laifinmu ke nan.

Da gari ya waye muka yi asuba, muka ɗauki guzuri da rigunan ruwa da fitila, muka kama hanyar Pyg, gama daga jikinta ne hanyar Jan Tozo ke rabuwa. Wajen sa'a guda muka iso mararrabar. Iska ta taso, gajimare ya sauko ya rufe tozon, duwatsu duka sun jiƙe. Nan babbanmu ya lura da Bahaɗejen, ya ga yana riƙe da dutse, gwiwoyinsa na rawa. Ya ce masa, "Ƙanena, faɗa mini gaskiya, kana iyawa?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Malam, ko soro na hau, jiri nake ji. Kunya ce ta hana ni faɗa jiya."

Auta ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai sai ya jira mu nan."

Malam ya ce, "Tare muka fito, tare za mu koma. Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

Muka bi hagu, muka miƙe kan hanyar Pyg. Ko ita ma ba ta bar mu haka ba, domin ƙarshenta hawa ne mai karkace-karkace, sai mun yi taki kaɗan mu tsaya mu yi numfashi. Sanyi kuwa yana ta ƙaruwa, gama kowace ƙafa 1,000 da mutum ya hau, zafi yana raguwa da kamar awo 2 na ma'aunin Salshiyos. Kafin azahar muka kai ƙoli, mu biyar cif. Gajimare ya ɗan yaye, muka hangi teku da tafkuna, muka kuma hangi Jan Tozo a ƙasa da mu. Auta ya daɗe yana dubansa, sa'an nan ya kama hannun Bahaɗejen ya nemi gafara. Muka sauko ta hanyar masu haƙar jan ƙarfe, muka iso Pen-y-Pass da sauran rana.

Rana ta uku muka tafi kwarin Ogwen, muka kewaya tafkin Idwal, muka koyi hawa da hannu da ƙafa a kan ƙananan duwatsu, inda ko an zame ba a ji ciwo. Abin da ya kamata mu fara da shi ke nan tun ranar farko.

To, 'yan'uwa, ga abin da muka samo. Wanda hutunsa gajere ne, zuciya takan ce masa ya ɗauki mafi wuya don kada ya koma hannu wofi. Kada ya biye mata. A auna hanya da ƙarfin mafi rauni cikin ayari, a kuma tambayi kowa shi kaɗai, domin mutum ba ya son faɗin tsoronsa a gaban jama'a. A shirya hanya biyu tun da dare, a bar sama ta zaɓa da safe. A lissafa sa'o'in saukowa kamar na hawa, gama gajiya da duhu a nan suke jiran mutum. Jan Tozo yana nan inda muka bar shi, in da rai da rabo wata rana ma koma. Allah ya kiyashe mu da girman kai, amin.