Askin da ke leƙowa ƙarƙashin hula

A garinmu Zauro, kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, aski iri ɗaya iyayenmu suka sani. Wanzami ya zo da zabira, ya wasa aska, ya jiƙa kai da ruwa, ya share shi tal. In akwai ado, to na yara ne, wato zanko ko tukku, su ma da yaro ya tasa sai a kawar.

Mu kuwa da muka shiga jami'a sai muka tarar da askin inji, wanda samari ke kira lofed. Saisaye ne hawa-hawa: a bar suma a bisa, a riƙa rage ta sannu a hankali har ta ɓace daidai saman kunne da ƙeya. Mai aski kan fara da matajin inji lamba 2, ya koma lamba 1, sa'an nan ya cire matajin ya goge ƙasan. Gwaninta duka tana wajen ɓatar da iyaka, don in ido ya ga layi tsakanin hawa biyu, aiki ya ɓaci. Ga shi kuma ba ya jimawa, mako biyu ya toho, a sake biya.

To, me ya sa na zaɓi na ƙasa, ban zaɓi wanda ke hawa har tsakiyar kai ba? Hula ce dalili, mai karatu. Ɗalibi yana yawo kai sake a makaranta, amma ran da ya zo hutu, da hula zai durƙusa gaban mahaifinsa. Abin da hular ta bari a fili shi ne gefen kunne da ƙeya, kuma nan lofed ya fi kama da askin wanzami. Dattijo ya duba ya ga tsabta, aboki kuwa sai an tuɓe hular ya ga yayi.

Ba tsoron banza ba ne. Akwai hadisin Abdullahi ɗan Umar a Buhari da Muslim da ya hana ƙaza'u, wato aske wani sashen kai a bar wani, kuma malaman zaure sun san shi sarai. Wasu na ganin saisaye ba askewa ba ne, wasu ba su yarda ba. Saboda haka nakan ce wa mai aski kada ya kai ga fata, ya bar ɗan duhun gashi.

Baffana dai bai gamsu ba. Yakan ɗaga hulata ya ce, "Kai yaro, wanga aski kuɗɗinka ne ba su kai ba aka tsaya rabi?"