Ba Kowane Ciwon Yatsu Ne Sanyi Ba

A Yerwa ɗinkin hula na ciyar da gidaje da yawa, musamman tun da rikicin Boko Haram ya koro mutanen Bama da maƙwabtansu zuwa cikin gari. Mai zama kusa da masu wannan sana'a zai lura da wani abu. Akan sami mace, ba ta kai shekara 40 ba, amma ba ta iya riƙe allura sai hantsi ya dubi ludayi. Yatsun hannayenta duka biyu sun kumbura, sun sandare tun asuba. Ka tambaya, a ce maka sanyi ne, wanki ya yi mata yawa. In mai jego ce kuwa, a ce ta yi wasa da ruwan zafi.

Sau da yawa sanyi bai san hawa ba, bai san sauka ba. Akwai nau'in amosanin gaɓɓai da likitoci ke kira rumatoyid, inda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa tantanin da ya lulluɓe gaɓoɓi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi a 2019 sun kai miliyan 18, kusan kashi 70 cikin 100 mata ne. Masana na ganin sinadaran jikin mace na da hannu a ciki. Tun 1938 wani likitan Amurka, Philip Hench, ya rubuta cewa ciwon kan lafa idan mace ta sami ciki. Yakan kuma taso a watannin farko bayan haihuwa, daidai lokacin da uwa da kaka ke ɗora laifi a kan wankan jego.

Gado ma na da nasa kason. Wasu nau'o'in ƙwayar halitta mai suna HLA-DRB1 na ƙara haɗarin kamuwa, kuma masu ɗauke da su ciwon ya fi saurin cin ƙashinsu. Amma gadon ba hukunci ba ne. Ko tagwaye masu kama ɗaya, idan ɗaya ya kamu, kusan 15 cikin 100 ne kawai ɗayan ke biyo shi. Taba sigari kuwa na ninka haɗarin ga mai wannan ƙwaya, don haka maza ma kada su ce ba ruwansu.

Maganin kashe zafi na kemis, irin su diclofenac, raɗaɗi kawai yake kwantarwa, ciwon na ci gaba da ɓarna, ƙoda da ciki na shan wahala. Magunguna irin su methotrexate ne ke taka masa birki, kuma sai likita ya rubuta, domin mai ciki ba ta shan methotrexate.

Wadda yatsunta ke sandarewa fiye da rabin awa kowace safiya har makonni suka ja, balle in uwa ko goggo ta yi irinsa, ta nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri a gwada jininta. Gaɓar da ta riga ta karkace, magani ba ya miƙar da ita.