Tambarin Kasuwanci: Yadda Japan Ke Riƙon Nata, da Yadda Muke Riƙon Namu

A tsofaffin unguwannin Kyoto, mai shago ba ya buƙatar ƙaton allo kafin a san inda yake. Gajeren labule ne a bakin ƙofa, galibi rinin shuɗi, an tsaga shi gida biyu ko uku, a tsakiya an bar farar alama guda: ganye, ko fure, ko harafi ɗaya cikin da'ira. Noren suke kiransa. Idan an rataya shi an buɗe ke nan, idan an shigar da shi an tashi. Zamana a Japan ya nuna mini cewa bambancinmu da Japanawa a harkar tambari ba na iya zane ba ne. Bambancin yana wurin da kowannenmu ke ajiye amanar kasuwancinsa.

Yayin da ake yi a duniya yanzu shi ne rage ado. Google ya sauƙaƙa haruffansa a 2015. Mastercard ya cire sunansa daga tambarinsa a 2019, ya bar da'ira biyu, ja da rawaya. Nissan ya kawar da ƙyalli da inuwa a 2020. Dalilin a fili yake: yau an fi ganin tambari a fuskar waya, inda girmansa bai wuce farce ba, kuma duk ƙananan layuka cakuɗewa suke yi. Sai dai yayin ya zo da illa, domin kamfanoni da yawa sun koma kama da juna. Burberry na Ingila ya yar da tsohon mahayin dokinsa a 2018 ya rungumi haruffa tsirara, a 2023 ya dawo da mahayin. Gap na Amurka kuwa ko mako biyu sabon tambarinsa bai yi ba a 2010, masu saye suka tilasta masa komawa tsohon.

Japanawa ba su sha wannan wahalar sosai ba, saboda sauƙin nasu gadonsa suka yi. Tun zamanin sarautar Heian manyan gidaje ke da alamar zuri'a da ake kira kamon, wadda suke sa wa a kekunan shanunsu. Mayaƙa suka ɗauke ta zuwa tutocin yaƙi, daga baya 'yan kasuwa suka sa ta a labule da akwatunan kaya. Alamar da ake so a gane daga nesa a fagen daga dole ta zama launi ɗaya, siffa ɗaya, babu tarkace, kuma abin da fuskar waya ke nema ke nan a yau. Tambarin Mitsubishi ya fito ne daga haɗa alamar gidan Iwasaki Yataro, wanda ya kafa kamfanin a 1870, da ganye uku na gidan Yamauchi, iyayen gidansa na yankin Tosa. Kikkoman mai miyar waken soya yana da siffa mai kusurwa shida ta ƙoƙon kunkuru, dabbar da suke dangantawa da tsawon rai. Waɗannan ba a ɗakin taro aka ƙirƙiro su ba. Tarihin gida ne aka tace har ya rage layuka kaɗan.

Al'adar da ta fi jan hankalina ita ce noren-wake. Yaron shago da ya daɗe yana bauta wa maigidansa da gaskiya, idan lokaci ya yi, sai a ba shi izinin buɗe nasa shagon da labule mai alamar gidan. Duk wanda ya san Kantin Kwari ko Kurmi ya san irin wannan sallama: ubangida ya ba yaronsa jari, ya haɗa shi da masu ba da kaya bashi, ya sa masa albarka. Amma mu jari da sunan mutum muke miƙawa, su kuma alama. A wurinmu ana saye ne saboda Alhaji wane ba ya tauye mudu, ba ya saɓa alkawari. Wannan abin alfahari ne, sai dai yana da rauni guda: ranar da Alhaji ya rasu aka raba gado, sau da yawa amanar da ya tara shekara arba'in takan bi shi. Japan na da dubun-dubatar kamfanoni da suka haura shekara ɗari, kuma alamar da ke tsallake mutuwar mai gida tana cikin abubuwan da suka riƙe su.

Ba wai mai sayen namu bai san tambari ba. Ya ma fi kowa karanta shi. Uwa takan aiki yaro ya sayo maggi mai tauraro. Tsoho yakan ce kuɗinsa na banki mai giwa ko mai doki. First Bank ya sabunta kamanninsa a 2014, Union Bank a 2015, amma babu wanda ya kuskura ya cire giwar ko dokin, domin sun san da su ake kiransu. A kasuwar da mutane da dama ba sa karanta boko, tambarin da ba za a iya faɗarsa da baki ba bai gama aikinsa ba.

Shi ya sa abin da nake gani a shafukan matasanmu masu sayar da turare, atamfa da kilishi a Instagram da WhatsApp yake damuna. Kusan duka iri ɗaya ne: harafin farko na suna da ruwan zinare, an ɗora masa kambi, a kan baƙin fili. An ciro shi daga manhajar Canva, ko an sa ƙirƙirarriyar basira ta zana cikin minti ɗaya. Sa goma a jere, ko masu su sai sun duba da kyau. Ga shi kuwa muna zaune a kan taska: dagin Arewa, aska takwas ta babbar riga, zanen bangon gidajen Zariya da Damagaram, zankwayen soro, ƙawar ƙwarya, ɗinkin hula. Duka siffofi ne masu tsabta da ke fita da launi ɗaya, kuma sun dace da wanda ba ya son hoton abu mai rai a kayansa.

Kwafi ma yana da tsada. A 2015 Japan ta janye tambarin gasar Olympics ta Tokyo bayan wani mai zane ɗan Beljiyam ya ce ya yi kama da wanda ya yi wa gidan wasan kwaikwayo na Liège. Wanda ya maye gurbinsa a 2016, aikin Asao Tokolo, daga tsohon zanen dara-dara na tufafinsu aka samo shi. Da suka shiga kunya, gida suka koma.

Wanda zai yi tambari ya gwada shi a wurare uku: a fuskar waya, a hatimin roba da tawada ɗaya, da kuma a bakin yaron da aka aika kasuwa. Idan ya ci, ya yi masa rajista. Rajistar sunan kamfani a hukumar CAC ba ta kare tambari. Wannan aikin ofishin alamun kasuwanci ne na ma'aikatar ciniki ta tarayya a Abuja. A Nijar, Kamaru da Chadi kuwa, rajista ɗaya a hukumar OAPI da ke Yawunde tana aiki a ƙasashe 17. Bayan haka sai haƙuri: kada a sauya shi duk shekara don yayi ya sauya. Gaskiyar ɗan kasuwa ce ke ba alama daraja, alamar kuma ita ce hanyar da 'ya'yansa da yaran shagonsa za su gaji wannan gaskiyar su ci gaba da ciniki da ita.